Yadda Ake Saƙa Leshin Hannu da Kwarashi, Har Ki Koya wa Wata

A Legas idan aka ce leshi, abin da ke fara faɗo wa mutum a rai shi ne wanda ke jibge a shagunan Balogun da Idumota, ana yanka shi yadi biyar-biyar don ankon biki. Wancan aikin inji ne, kuma masu tsadar cikinsa tun shekarun 1960 'yan kasuwarmu ke ɗauko su daga garin Lustenau na ƙasar Ostiriya da kuma Siwizalan. Amma hannu ya riga inji. Tun ƙarni na 16 matan Venis a Italiya suke yin leshi da allura da zare, na Beljiyam kuma da wasu 'yan sanduna da ake naɗa wa zare ana sarƙa su a kan matashi. Sai a 1808 wani Bature mai suna John Heathcoat ya ƙera injin saƙa raga a Ingila, daga nan inji ya fara ƙwace aikin.

Wanda na iya, kuma nake so ki iya, shi ne na kwarashi. Shi ya fi sauƙin farawa, ya fi arahar kaya, kuma ba baƙo ba ne a gidajenmu, domin da wuya ki sami unguwar da babu mai saƙa hula da safar jarirai da ulu. Bambancin kawai, leshi yana son siririn zaren auduga da siririn kwarashi, kuma kyansa yana cikin ƙofofin da kika bari, ba cikin wurin da kika cike ba. Kada ki raina shi. Da irinsa matan Ailan suka riƙa ciyar da gidajensu lokacin babbar yunwar da ta faɗa musu daga 1845.

Goggona ce ta koya mini a nan Agege, a bakin hankici. Da shi za mu fara, domin gefe huɗu ne da kusurwa huɗu, kuma duk wadda ta iya zagaya kusurwa ba tare da aikin ya tattare ba, to bakin mayafi da rigar matashi ba za su gagare ta ba.

Kayan da za ki tanada

Ki nemi zaren auduga mai sheƙi, lamba 10. Lambar zaren leshi a juye take: lamba 20 ta fi 10 siranta, 30 ta fi 20. Kwarashin ƙarfe mai milimita 1.5 ko 1.75 shi ke tafiya da lamba 10. Sai ƙaramin almakashi, allura mai faɗin hanci, fil da ba ya tsatsa, da farin yadin auduga santimita 30 kowane gefe bayan an kalmashe bakinsa. Ki wanke yadin kafin ki taɓa shi da kwarashi, domin auduga tana tsukewa a wankin farko.

Masu sayar da kayan teloli a Balogun, Oshodi da Yaba nan ne wurin nema. Daga Agege yanzu jirgin ƙasa yana sauke mutum a Oshodi ko Yaba, an huta da rabin cunkoson hanya. Sai dai ki buɗe ido. Na taɓa sayen dunƙule shida a wani shago, mai shagon yana ta rantsuwa auduga ce zalla, ashe zaren roba ne. Santsi ya hana shi zama a yatsa, da na ɗora dutsen guga kuma ya ƙanƙance. Tun daga ranar nake gwadawa kafin in sayi da yawa: ki yanki ɗan guntu ki kusanta shi da ashana. Auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, na roba kuwa narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Idan zare mai launi ne, musamman ja, ki jiƙa guntu ki matse shi cikin farin ƙyalle ki ga ko yana zuba.

Riƙo da ɗinki huɗu

Kwarashi a hannun dama, kamar yadda kike riƙe biro. Zare a hagu: ki zagaya shi a ƙaramin yatsa sau ɗaya, ki bi da shi ta ƙarƙashin yatsu biyu na tsakiya, ya hau kan manuni. Babban yatsa da na tsakiya su ke riƙe aikin, dab da inda kwarashi yake. Hannun hagun nan shi ne mai aikin gaske. Shi ke sakin zare daidai gwargwado, kuma rashin daidaiton sakinsa ne ke sa wani idon ɗinki ya fito babba wani ƙarami.

Ki yi zarge a bakin zaren ki sa kwarashi a ciki. Daga nan ɗinki huɗu ne kacal, ga sunayen da muke kiransu da su a tsakaninmu.

Sarƙa: ki naɗo zare a ƙugiyar kwarashi, ki jawo shi ta cikin zoben da ke kai. Kin yi sarƙa ɗaya.

Gajere: ki soka kwarashi a ido, ki naɗo ki jawo, zobe ya zama biyu. Ki sake naɗowa ki jawo ta cikin biyun gaba ɗaya.

Dogo: ki fara naɗa zare kafin ki soka. Ki soka, ki naɗo ki jawo, zobe uku ke nan. Ki naɗo ki fitar da biyu, ki sake naɗowa ki fitar da biyun da suka rage.

Ƙulli: ki soka, ki naɗo, ki jawo ta cikin idon da zoben kan kwarashi a ja ɗaya. Da shi ake rufe zagaye.

Kada ki yi gaggawar hawa kan hankici. Ki ba sarƙa kwana biyu ko uku, kina yi kina warwarewa, har ki ga idanunta sun jeru kamar haƙoran matsefi. Goggo takan ɗauki sarƙata ta miƙe ta a kan cinyarta, ta bi ta da farce, inda duk ta ji tudu sai ta ce, "'Yata, nan kin matse, hankalinki ya tafi wani wuri." Ba ta taɓa kuskure ba.

Zagayen farko: harsashi

Ki ɗauki allura mai kauri ki huhhuda bakin yadin, kamar milimita 3 daga baki, tsakanin huji da huji milimita 4. Da farko ki sa ma'auni ki ɗiga alama da fensir, daga baya ido zai saba. Ki fara daga kusurwa, ki yi gajere ɗaya a kowane huji, a hujin kusurwa kuma gajere uku. Da kin dawo inda kika fara, ki rufe da ƙulli.

Ki shimfiɗa shi a kan tabarma ki duba. Idan bakin ya tattaro ciki kamar ƙwarya, kin matse zare ko hujin ya yi nisa da juna. Idan ya yi lanƙwasa-lanƙwasa kamar ganyen latas, ɗinkin ya yi yawa. Ki warware ki sake tun yanzu, domin duk abin da ya karkace a nan haka zai bi ki har ƙarshe, sitaci da guga ba sa ɓoye shi.

Zagaye na biyu: bakuna

Nan leshin ke fara buɗe ido. Ki tsaya a gajeren tsakiya na kusurwa. Ki yi sarƙa biyar, ki tsallake ido uku, ki yi gajere a na huɗu. Wannan baka ɗaya ne. Haka za ki yi ta yi har kusurwa ta gaba. A idon tsakiyar kowace kusurwa ki yi gajere, sarƙa biyar, da wani gajeren duk a ido ɗaya, ki sami bakan kusurwa.

Yanzu ki ajiye kwarashi ki ƙirga, wannan ƙirgar ita ce sirrin hankicin duka. Bakunan kowane gefe, ban da na kusurwa, dole su zama adadin da ba ya rabuwa biyu daidai, kamar 17 ko 19, kuma gefe huɗun su zo ɗaya. A yadi mai santimita 30 nakan sami 19. Idan kin ga lissafi ba zai fita ba, ki tsallake ido biyu maimakon uku a wurare kaɗan masu nisa da juna, babu mai lura.

Zagaye na uku da na huɗu: fure da ƙwayar gero

A bakan kusurwa ki zuba dogo 11. A baka na gaba gajere ɗaya tak a tsakiyarsa. A na gaba dogo 7, duk a cikin bakan, za ki ga sun baje kamar mafici, shi ne fure. Sai gajere a na gaba, sai dogo 7, haka har ki zagayo. Dalilin waccan ƙirga ke nan: ita ke sa gajere ya faɗo dab da kowace kusurwa, babban fure ya zauna a kanta daram. Dogon farko na zagayen ana maye gurbinsa da sarƙa uku, saboda kwarashi ya hau tsayin layin. Idan kin ji furen yana jan na kusa da shi, ki mai da shi dogo 9.

Zagayen ƙarshe ado ne. Ki bi kan dogayen da gajere ɗaya-ɗaya, a kan dogo na biyu, na huɗu da na shida ki tsaya ki yi sarƙa uku, ki koma cikin ta farko da ƙulli. Wani ɗan tsiro zai fito, shi muke kira ƙwayar gero. Ni a ganina shi ke raba leshi da saƙar yau da kullum. Ki yanke zare da saura kamar tsawon yatsa, ki zura a allura ki ɓoye shi ta bayan ɗinkin. Kada ki ƙulle ki datse a gindi, wanki biyu zai kwance.

Wanki, da abin da iskar Ikko ke yi wa zare

Ki wanke da hannu da sabulu marar ƙarfi, kada ki murɗe. Ki naɗe cikin tawul ki danna, ki tsoma a ruwan sitaci marar kauri, sannan ki shimfiɗa a kan kwali da aka rufe da farin ƙyalle. Ki ja kowace ƙwayar gero ki kafe ta da fil, ki bar shi a ƙarƙashin fanka har ya bushe ƙayau.

Wadda ta koyi saƙa a Kano ko Katsina sai ta sake sabon karatu a nan, saboda laima. Da damina kwarashin ƙarfe yana tsatsa cikin 'yan kwanaki, kuma tsatsa a farin zare ba ta fita da sauƙi. Ki goge shi bayan aiki ki sa a gwangwani mai murfi, tare da 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu a kwalin sabon takalmi. Abin da za ki adana ya daɗe kada ki sa masa sitaci, kyankyasai na binsa, kuma kada ki rufe shi a leda da sauran danshi, zai yi fumfuna. Ki wanke hannu kafin ki ɗauki aiki, manja da zufa duk suna hawa zare. Kuma don Allah ban da saƙa a cikin danfo. Tsinin kwarashin leshi kamar allura yake, birki ɗaya ya isa ya shige yatsa.

Koya wa wata

Mu shida ne muke haɗuwa ranar Asabar bayan la'asar a barandar wata Hajiya maƙwabciyarmu, kowa da gwangwaninta. Abin da na gane a wannan zama shi ne baki ba ya koyar da saƙa sosai, ido ne da hannu. Akwai wata Bayarabiya a cikinmu da Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, amma ta riga wasu iya fure, don kawai tana zama kusa tana kallon yatsu.

Ki zaunar da mai koyo a gefenki, kafaɗa da kafaɗa, ta ga hannunki yadda za ta ga nata. Idan bahaguwa ce, ta zauna tana fuskantarki, ki zame mata madubi, kada ki tilasta mata komawa dama. Ranar farko kada ki ba ta zaren leshi. Ki ba ta ulu mai haske da kwarashi milimita 4, ta ga idanun ɗinki da kyau, sai hannu ya faɗa sannan ta sauko kan siriri. Idan ta yi kuskure ki nuna mata wurin ki bar ta ta warware da kanta. Yawan karɓe aikin daga hannunta yana kashe mata gwiwa, na ga yarinyar da ta daina zuwa saboda haka, abin ya daɗe yana damuna.

Ki riƙa ajiye samfur. Duk sabon zanen da wata ta kawo, mukan saƙa tsawon tafin hannu mu ɗinke a shafin wani littafin ƙyalle, a rubuta ƙirgarsa a takarda a maƙala, da wadda aka koya a wurinta. Na Goggo ne a shafin farko. Waɗanda aure ko aiki ya kai su Idi-Araba da Mile 12 kuwa, mukan ɗauki ɗan gajeren bidiyo mu tura musu ta WhatsApp: a jingina waya ta bayan kafaɗa, a sa zare mai haske a kan baƙin ƙyalle, a yi a hankali ana ƙirgawa da baki.

Maganar sayarwa za ta taso, domin duk wadda ta ga mayafinki a gidan suna sai ta tambaya. Ki rubuta awannin da aikin ya ci kafin ki yanke kuɗi, ki faɗa mata gaskiyar kwanakin da zai ɗauka, kada ki gwada farashinki da na leshin inji da ake aunawa da yadi. Ni dai hankicin farko na kowace ɗaliba ba na bari a sayar. Nakan ce ta kai wa mahaifiyarta ko kakarta. Ta ƙarshe da ta gama nata, 'yar shekara goma sha uku, ta dawo Asabar ta gaba da tsohon farin mayafin kakarta a leda, ta ce an aiko ta a yi masa baki irin na hankicin. Mun auna gefen, muka ɗiga alamar huji da fensir, yanzu tana kan zagaye na biyu.