Kurakuran da ake yi wajen gina kicin da dush na zamani a Yamai

Yanzu kowa ya tashi gini sai ya ciro hoto daga Facebook ya nuna ma mason yace irin wannan nake so, kicin buɗe haɗe da salo (ɗakin zama), irin wanda ake ce ma amerikan. To madalla, amma uwar gida da ke soya kifin kogin Isa da tattasai, ga daddawa ga daka a turmi, ina hayaƙin zai tafi? Kan kujeru da labule mana. Sati biyu salon naka ya koma warin mai. In dai kana son shi, yi ƙarami a ciki don shayi da ɗumama abinci, babbar madafa kuma a tsakar gida da taga biyu masu kallon juna, iska ta dinga wucewa.

Sai maganar butel ɗin gaz, wannan ita tafi ban tsoro. Mutane na kulle ta cikin kabad wai kar ta ɓata kwalliya, alhali gaz ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya ya taru shiru, ashana ɗaya ta isa. A bar mata kafa daga ƙasan ƙofar, ko mafi kyau a yi mata ɗan akurki a waje a shigo da tiyo, ko ta kilo 6 ce ko babbar. Kabad ɗin ma in na katakon nan ne da aka matse, ruwa na taɓa shi ya kumbura, gara ta ƙarasa sauran. Gini da siminti a sa karo (wato tayil), ƙofa ta alminiyam, shi ke jure gidajenmu.

Dush kuwa, karo mai ƙyalli na bango ne ba na ƙasa ba. Ni da kaina na yi wannan wautar, na je kasuwar Katako na zaɓo wani fari tas kamar madubi, ranar da tsohuwata ta zo daga Tawa saura kaɗan ta karye a ciki, dole muka fasa shi, kuɗi biyu kenan. In za ka saya ka ɗiga masa ruwa ka shafa da hannu, in santsi ka ji to ka barshi. Kuma ka tsaya kan mai sa karon, ƙasan ya gangara wajen magudana kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, kafin ka biya shi ka zuba bokiti guda ka gani ko ruwan zai tafi ko zai tsaya a lungu.

Ana kuma manta buta. A sa lavabo can sama mai tsada, babu robine a ƙasa na alwala, sai kaga dattijo na ɗaga ƙafa yana dafa bango. Masai ma a duba kar ya kalli gabas ko ya bata baya, tun kan a zuba dal (daben kankare) ake gyara wannan.

Ga shi lokacin zafi ruwa kan ɗauke, masai na kujera ba ruwa azaba ne, don haka a bar wurin tano ko tanki tun a plan. In tankin na sama ne a yi masa rumfa, in ba haka ba watan Afrilu ruwan da zai sauko da azahar ko hannu ba ka iya sawa.