Yadda ake haɗa romon laimar kwaɗi mai kauri ba tare da nama ba

A Ingila da Amurka akwai wani romo mai kauri, launin ƙasa-ƙasa, da ake zubawa a kan gasasshen nama da dafaffen dankalin turawa da aka dama. Shi ne mahaɗin abincin ranar Lahadi a gidajen Ingila, kuma ba a rasa shi a bikin godiya da Amurkawa ke yi a watan Nuwamba. Bisa al'ada, da kitse da ruwan da ya tsatso daga naman gashi ake yin sa, amma wanda ba ya cin nama zai samu ɗanɗano mai zurfi irin wannan daga laimar kwaɗi, muddin ya ba ta lokacin da take bukata a kan wuta.

Domin mutum huɗu, a tanadi laimar kwaɗi giram 400, albasa ɗaya, tafarnuwa ƙwaya uku, bota ko man gyaɗa babban cokali uku, fulawa babban cokali uku, ruwan dafaffen kayan lambu kamar mililita 600, sos ɗin waken soya cokali ɗaya, sai masoro da gishiri da ɗan lemon tsami. Wajibi ne laimar ta zama wadda aka noma aka sayar a kanti, domin cikin waɗanda ke tsirowa a daji da damina akwai masu dafin da ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe wannan dafin. A kuma duba dunƙulen ɗanɗanon da za a sa, saboda wasu suna ɗauke da kitsen kaza ko na shanu.

Da farko a goge laimar da tsumma mai ɗanshi, ko a ɗauraye ta da sauri a tsane, sannan a yanka ta falle-falle. A ɗora kasko mai faɗi a wuta mai ƙarfi, a zuba rabin man, a baza laimar yadda ba za ta hau kan juna ba; idan kaskon ƙarami ne, gara a soya ta kashi biyu. A nan ne romon ke gyaruwa ko ya lalace. Kusan kashi 90 cikin 100 na nauyin laimar kwaɗi ruwa ne, kuma matuƙar ruwan nan yana cikin kasko, turara take yi ba soyuwa ba. Sai ruwan ya ƙafe gaba ɗaya sannan gefenta zai fara yin ja, ƙamshin da ake nema ya tashi. Wannan kan ɗauki minti 10 zuwa 12, kuma a ganina mafi yawan romon da ke fitowa salam, rashin haƙuri a wannan gaɓar ne sanadinsa. Kada a yawaita juyawa, kuma kada a kankare baƙin-baƙin da ya manne a gindin kaskon a zubar, domin a cikinsa ɗanɗanon ya taru.

Idan ta yi ja sosai, a rage wuta, a ƙara sauran man da yankakkiyar albasa har ta yi laushi, sannan tafarnuwa na minti ɗaya. Daga nan a barbaɗa fulawar, a yi ta juyawa na minti biyu ko uku har warin ɗanyen gari ya tafi. A riƙa zuba ruwan kayan lambun da ɗuminsa kaɗan-kaɗan ana kaɗawa da maburgi, kamar yadda ake kaɗa miyar kuka, don kada ya yi gudaji.

 Masu girki na zamanin tsoffin sarakunan Turai da ɓarɓashin burodi ko niƙaƙƙen almon (wata ƙwaya mai kama da gyaɗa) suke kaurara romo, kuma dabarar tana aiki har yau: wanda ba shi da fulawa ya jiƙa busasshen burodi a ruwan romon, ya niƙa, ya zuba.

A bar romon ya yi ta ɓararraka a ƙaramar wuta kamar minti 10, har sai ya kama bayan cokali. Sai a sa sos ɗin soya da masoro, a ɗanɗana kafin a ƙara gishiri, tunda soyan da kansa yana da gishiri. Inda babu sos ɗin soya, ɗan dakakkiyar daddawa za ta ba da irin wannan zurfin, amma a sa kaɗan ƙwarai don kada ta danne ƙamshin laimar. Bayan an sauke a ɗiga lemon tsami.

Mai son romo sumul ya niƙa rabinsa a injin markaɗe ya mayar. Yana shiga da dankali, shinkafa, doya ko taliya, yana kuma kwana uku a firji. Idan za a ɗumama shi a ƙara ɗan ruwa, domin yakan daɗa kauri idan ya huce.