Yadda ake zaɓar mariƙin libarba don gasar harbi

Harsashin libarba, wato bindigar hannu mai silinda mai juyawa, a cikin silindar yake zama, ba a cikin mariƙi ba. Saboda haka ƙarfen da ke ƙarƙashin mariƙinta siriri ne, kuma mai bindiga yana da damar lulluɓe shi da katako ko roba yadda ya ga dama: ya ƙara kauri, ya rage, ya tsawaita, ya rufe baya ko ya bar shi a buɗe. Wannan damar ce ke sa 'yan gasa da yawa sayen mariƙi uku ko huɗu kafin su dace, don yawanci da daɗin riƙo a kanti suke zaɓa. Daɗin riƙo kuwa ba shi ke kawo maki ba. Abin da ake nema shi ne mariƙin da zai ajiye yatsa a inda ya kamata a kan kunama, kuma ba zai tare hanya ba idan an zo sake ɗuri.

Wasan nan a Amurka da Turai ya fi ƙarfi, a ƙarƙashin ƙungiyoyi irin su ICORE da USPSA da IDPA da ISSF. A Najeriya Dokar Makamai ta 1959 ta sa libarba cikin makaman da aka hana mallaka sai da lasisin shugaban ƙasa, don haka bayanin nan na wanda ke harbi a inda doka ta ba shi izini ne.

Kafin ka taɓa komai, buɗe silinda, ka zazzage harsashi, ka duba kowane rami da ido, ka fitar da harsashin daga ɗakin gaba ɗaya.

Fara da sanin firam ɗinka

Kamfanin Smith & Wesson yana raba firam, wato gangar jikin bindigar, da haruffa: J, K, L, N da X. Firam K da L mariƙi ɗaya suke ci, don haka na Model 19 zai hau Model 686. Firam N ya fi girma, kuma a kansa aka gina Model 625 da 627 da 929, waɗanda suka cika filayen gasa. Bayan harafi akwai siffar gindi: ko kewayayye, ko mai kusurwa. Masu sayarwa kan taƙaita su da RB da SB. Tun wajen tsakiyar shekarun 1990 yawancin abin da kamfanin ke fitarwa kewayayye ne, tsofaffin kuwa sai ka cire mariƙin ka gani da idonka, don daga waje ba a ganewa. Akwai mariƙin da ke hawa kewayayyen gindi ya ba shi siffar mai kusurwa, amma ba a yin akasin haka sai an yanke ƙarfe.

Ruger GP100 da Super Redhawk wani tsari suke bi. Ɗan guntun ƙarfe ne kawai ke saukowa, mariƙin ya haɗiye shi, saboda haka duk siffar riƙon daga mariƙin take fitowa. Colt Python ma da nata ma'aunin. Kada ka sayi mariƙi don ya yi kama da naka a hoto.

Nisan yatsa zuwa kunama

A gasar gudu da dogon ja ake harbi, wato yatsa shi ke juya silinda, ya ɗaga hama, ƙarfen da ke bugun harsashi, ya sake ta. Daga masana'anta nauyin wannan ja yakan kai kilo 5 ko kusa da haka, bindigar kuwa ba ta wuce kilo ɗaya da 'yan kai ba. Ka ga ke nan kana matsa ƙarfin da ya ninka nauyin bindigar wajen sau huɗu, kuma ana so kada bakinta ya motsa. Ko da maƙeri ya sassauta ta zuwa kilo 3, har yanzu ya ninka nauyin bindigar fiye da sau biyu. Idan yatsa bai ja kunama kai tsaye zuwa baya ba, ƙarfin da ya karkace shi zai kawar da saiti.

Ga gwajin. Riƙe bindigar da hannun harbi, bayan firam ya zauna daidai tsakiyar kwarin da ke tsakanin babban yatsa da manuniya, bututun kuma ya yi layi ɗaya da ƙashin hannunka. Kada ka gyara komai. Miƙa manuniya ka ɗora a kan kunama tana hutawa gaba. Fuskar kunamar ta faɗa a kan lanƙwasar gaɓar farko, ko dab da ita. A nan yatsa ke da ƙarfin kai dogon ja har ƙarshe ba tare da ya tsaya a hanya ba.

Idan kan yatsa kawai ya taɓa kunamar, mariƙin ya yi maka girma. Abin da hannu ke yi shi kaɗai, ba da saninka ba, shi ne ya zagayo gefe don yatsan ya kai. Daga nan bututu ya bar layin hannu, shurin bindiga ya koma kan gindin babban yatsa, harbin na-dama ya riƙa karkata hagu. Idan kuma yatsa ya wuce har gaɓa ta biyu, mariƙin ya yi ƙanƙanta, yatsan zai ƙugiye kunamar ya janyo bakin bindiga dama, wani lokaci ma kansa ya tokari babban yatsa kafin harbi ya tashi. Ga bahago a juya lissafin.

Abin da ya fi sauya wannan nisa shi ne bayan mariƙi. Wani yana barin ƙarfen baya a fili, wani yana rufe shi da roba ko katako. Rufin 'yan milimita ne, amma 'yan milimitan nan su ne tsakanin kan yatsa da gaɓa. Mai gajerun yatsu da ke harba firam N kusan dole ya ɗauki buɗaɗɗen baya da siraran gefuna. Mai dogon hannu a kan firam K kuwa rufaffen baya irin na Pachmayr Gripper zai fi yi masa. Kauri daga gefe zuwa gefe ma yana cin tsawon yatsa, musamman kumburin da ake yi don cika tafin hannu. A kanti yana da daɗi ƙwarai, sai an zo jan kunama a ga ya ture yatsa baya.

Bayan gwajin ido, sa harsashin roba na atisaye a silinda ka ja kunama sau 20 kana kallon saitin gaba a jikin farin bango. Idan yana tsalle gefe guda a daidai lokacin da hama ta faɗi, kuma kullum gefen nan ne, zargi mariƙin kafin ka zargi kanka.

Tsayin riƙo

Bututun libarba yana sama da hannu sosai, shi ya sa bakinta ke ɗagawa. Maganin shi ne hannu ya hau sama iyakar iyawa, har fatar kwarin yatsa ta kai kafaɗar firam, muddin hama ba za ta cije ta ba. Yawancin mariƙai suna cike gurbin da ke bayan zoben kunama don kada ƙarfe ya bugi yatsan tsakiya. Cikon yana da amfani, amma idan ya yi yawa sai ya danna hannu ƙasa, bakin bindiga ya ƙara tashi, harbi na biyu ya makara. Da harsashin gasa mai sauƙi, cikon da ya hana bugu kawai ya isa.

Ramukan yatsu sai a yi hattara da su. An yanka su ne da ma'aunin hannun wani. In sun dace da naka, to madalla, suna sa riƙo ya zama iri ɗaya kowane lokaci. In ba su dace ba, ko dai su ware maka yatsu, ko su tilasta ka sauko da hannu don ka shiga cikinsu. A ganinmu mai farawa ya ɗauki marar ramuka.

Hannu na biyu ma yana buƙatar wurin zama. Gefen hagu ya bar fili da gindin tafin hannun tallafi zai manne. Kuma ko wane mariƙi ka sa, babban yatsan wannan hannu kada ya kai gaban silinda. Tsakanin silinda da bututu akwai 'yar tazara da iskar wuta ke fita da ƙarfi, tana ƙona fata, a manyan harsasai har tsaga ta take yi.

Sake ɗuri

A nan ake cin gasar libarba, a nan kuma ake faɗuwa. Silinda hagu take buɗewa, ramin da ya fi kusa da firam kuwa yana fuskantar saman mariƙin hagu kai tsaye. Idan wurin ya yi kauri, abin ɗurin da ke zuba harsasai a silinda lokaci ɗaya, irin HKS ko Safariland Comp III, zai tokare shi ya shiga a karkace, ko kwanso ɗaya ya maƙale wajen fita. Tsawon kwanso yana da hannu a ciki: na .357 Magnum kusan milimita 33 ne, na .38 Special 29, na .45 ACP 23, na 9mm kuwa 19. Dogon kwanso ya fi neman fili. Masu amfani da faifan ƙarfen nan da ke riƙe harsasai shida ko takwas wuri ɗaya sun fi samun sauƙi, amma faifan ma yakan goga roba ya tsaya. Roba ta fi katako laifi a nan domin tana kama duk abin da ya taɓa ta.

Gwada da harsashin atisaye: bakin bindiga ƙasa, silinda a buɗe, ka juya ta matsayi daban-daban kana sakin abin ɗurin. Ya kamata ya faɗa da nauyinsa a kowane matsayi.

Yadda kake ɗuri ma yana yanke hukunci. Wasu na mayar da bindiga hannun hagu su ɗura da dama, sannan su sake kama mariƙi. Wasu ba sa sakin mariƙin sam, da hagu suke ɗurawa. Na farko yana buƙatar abin da hannu zai zame a kai ya koma mazauninsa nan take. Jerry Miculek, ɗan gasar Amurka wanda a 1999 ya harba shida, ya sake ɗuri, ya harba wasu shida cikin daƙiƙa 2.99, mariƙin da ke ɗauke da sunansa katako ne sumul, babu ramukan yatsu, babu zane. Na biyu kuwa zai iya more mariƙi mai kaushi, tunda hannunsa ba ya barin wurin sai an gama.

Irin gasar da za ka shiga

A ICORE da USPSA ana zare bindiga daga kube, a yi gudu, a sake ɗuri sau da yawa, don haka duk abin da aka faɗa a sama ya hau kansu. Wasu na son mariƙi mai faffaɗan gindi irin Big Butt na Hogue, wanda ke tare ƙasan hannu, ya kuma zama madogara idan an kwanta harbi. IDPA tana iyakance nauyin bindiga da irin gyaran da aka yarda da shi, kuma daga ƙarƙashin riga ake zarewa. Roba mai danƙo tana kama riga. Karanta littafin dokar shekarar da kake ciki kafin ka biya kuɗi, don dokokin suna sauyawa.

Gasar PPC, mai harsashi 150 da maki 1500, ana harbinta har yadi 50, kuma akwai wuraren da dole a harba da hannun hagu a jikin shinge. Mariƙi mai matashin babban yatsa a gefe guda ba zai yi ba, sai wanda gefunansa biyu suke daidai.

Gasar ISSF ta mita 25 wata duniya ce. Da hannu ɗaya ake harbi, da gajeren ja, wato a ɗaga hama tukuna kafin a ja kunama, don haka tsokar kan yatsa ake ɗorawa, ba gaɓa ba. A nan ake sa mariƙin da aka sassaƙa da siffar hannu, mai matashi a ƙasa, irin na Nill na Jamus. Amma dole bindigar da mariƙinta su shiga akwatin awo mai milimita 300 da 150 da 50, nauyi kada ya wuce giram 1400, mariƙin kada ya zagaye hannu, kada kuma ya taɓa bayan wuyan hannu. Kaurin milimita 50 ɗin nan shi ya fi kama mutane a teburin bincike.

Roba, katako ko G10

Roba tana da arha, tana shanye shuri, kuma ita ce mafi sauƙin fara gwaji. Aibinta biyu: tana ɗan lotsawa, abin da ke sa riƙo ya bambanta daga harbi zuwa harbi, kuma tana ɓoye gumi a ƙarƙashinta har firam ya yi tsatsa. A riƙa cire ta ana goge ƙarfen da mai. Katako ba ya lotsawa kuma yana karɓar gyara, kamar ƙotar fartanya da manomi ke fereƙewa har ta zauna masa a hannu. Kamfanin Herrett's na jihar Idaho a Amurka ya yi suna wajen sassaƙa shi daga zanen hannun mai saye a takarda. G10 zaren gilashi ne da aka matse da gam. Ruwa da gumi ba sa yi masa komai, amma mai kaifin zane yana cin fata a ranar da aka harba ɗaruruwa.

Ɗaurawa da gyara

Yi amfani da sukurudireban da bakinsa ya cika ramin sukurun. A Smith & Wesson akwai ɗan fil a ƙasan firam da ke shiga rami a cikin kowane ɓari na mariƙi. In bai shiga ba kada ka matsa da sukuru, katakon zai tsage. Monogrip na Hogue guda ɗaya ne, ana saƙala ɗan ƙarfensa a ƙasan firam, a turo mariƙin daga ƙasa, a ɗaure daga gindi. Akwai kuma wani sukuru a gaban firam da ke danne sifirin ɗin hama. Ba na mariƙi ba ne. Wanda ya sassauta shi don kunama ta yi laushi zai gamu da harsashin da ya ƙi tashi a tsakiyar gasa.

Bayan ɗaurawa murɗa mariƙin da ƙarfi. Ko kaɗan ya motsa, harbinka zai warwatse. Ɗan siririn kwali ko gam mai ƙarfi a cikin ramin fil yana kashe motsin.

Wajen ragewa, cire mariƙin daga bindiga tukuna. Yi alama da fensir a inda yake tokare, ka ci da magagari kaɗan, ka mayar ka gwada, ka sake. Bi da samfefa lamba 120, sannan 220, sannan 320, ka shafa man katako. G10 a jiƙe ake goga shi, da takunkumi a hanci, domin ƙurarsa tana cutar huhu. Inda hannu ke zamewa kuwa, ɗan yankin tef mai yashi ya wadatar, ba sai an lulluɓe duka ba.

Sabon mariƙi yana sauya inda harsashi ke sauka, domin bindiga tana fara ɗagawa tun harsashi bai bar bututu ba. Je fili da tsohon mariƙin da sabon, da harsashi iri ɗaya. A mita 15 harba rukuni uku na shida-shida a hankali da kowanne, sannan ka sa agogon harbi ka yi shida, ɗuri, shida, sau biyar. Rubuta faɗin rukunin da lokutan, ka zaɓi wanda alƙaluman suka nuna, sannan ka gyara saitin baya a kansa.