Yadda za ka hana akwatin sa'a cinye maka kuɗi

A shagona na gyaran waya a Wunti, cikin garin Bauchi, iyaye kan zo da kukan kuɗi na zurarewa daga asusunsu. Galibi yaro ne ke sayen daimon a Free Fire ko UC a PUBG, wato kuɗin cikin waɗannan wasannin waya, yana buɗe akwatin sa'a, wanda ake biya ba tare da sanin abin da ke ciki ba, ko zai dace da riga ko bindiga. Ni a wurina caca ce, kuma Beljiyam ta hana irinta tun 2018.

Buɗe Play Store, shiga saiti, ka sa a riƙa neman kalmar sirri kafin kowane saye. Sannan cire katin bankinka gaba ɗaya. In yaron ya matsa, ku duba kason dacewa tare, wato yiwuwar samun kowace kyauta, don Google ya wajabta nuna shi tun 2019. Na babbar kyauta ƙanƙani ne ƙwarai. Gara ka saya masa abin da farashinsa ke rubuce.