Masu kawo mara lafiya Zariya daga Nijar, ku gyara takardunku tun daga gida

Hanya ba ta da wuya. Wanda ya taso daga Maraɗi ya bi Jibiya, Katsina, Funtuwa, zai tarar da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika tun kafin ya kai Samaru. Masauki ma 'yan uwanmu da ke Sabon Gari da Tudun Wada ba su taɓa barin baƙo ya kwana a tasha ba, wannan kam sai godiya. Ku dai canza sefarku zuwa naira kafin ranar ganin likita.

Abin da ke ba ni haushi shi ne mutum ya sauka yau, yana tambayar ko gobe za a yi wa tsohonsa tiyata. Haba! Sai an yanki kati, likitan farko ya duba, sannan ya tura ku sashen da ya dace: masu ƙaba da tsakuwar ciki wajen likitocin fiɗa, masu yanar ido sashen ido, masu ciwon ƙoda wajen likitocin ƙoda. Kowane sashe da ranar da yake ganin mutane. Wanda aka kawo rai a hannun Allah ne kaɗai ake wucewa da shi sashen gaggawa.

Sai takardu, inda na sha wuya. Namu da Faransanci ake rubuta su, likitocin nan kuma da Turanci suke aiki. Lokacin da na kawo yayata da ƙari a mama, wani mai shago a gari ya karɓi kuɗina ya fassara takardar asibitin gida, ashe bai san kan maganar likitanci ba, har sunayen magunguna ya dagula. Dole aka sake gwaje-gwaje daga farko, kuɗin jinya ya tafi a nan. Ku nemi ɗalibanmu masu karatun likita su duba muku. Ku zo da ainihin hoton da aka ɗauka a asibiti, ba bayaninsa kaɗai ba, da kwalayen duk maganin da ake sha. In an taɓa yankar tsoka an auna, ku karɓo sakamakon, domin ba a fara allurar ciwon daji ko gasa shi da na'ura sai an tabbatar da irin ciwon.

Kafin tiyata za a iya neman jini, don haka ku taho da ƙarti biyu masu lafiya, ba tsofaffi zalla ba. A samu babba guda mai sa hannu, kada a tsaya jiran kawu a waya. Hawan jini ko sukari in bai daidaita ba, ɗaga aikin za a yi. In kuma an ce kada a ci komai daga tsakar dare, to har da kunu, Hajiya. Mai allurar barci yana jin an kurɓa zai mayar da ku ɗaki.