Yadda ake tantance gidan da ke kusa da manyan wayoyin lantarki kafin a saya

Duk wanda ya taɓa neman gida ko fuloti a gefen garin Kaduna, musamman a kewayen Mando da sauran unguwannin da suka bunƙasa a 'yan shekarun nan, ya san irin gidan da dillali yake kai mutum ya ce masa an yi sauƙi. Ginin sabo ne, hanya tana da kyau, kuɗin kuma ya gaza na maƙwabta nesa ba kusa ba, sai mai saye ya ɗaga kai ya ga manyan wayoyi sun ratsa ta sama. Wannan ba abin mamaki ba ne a garin da babbar tashar wutar Mando take, inda layin da ya taso daga madatsar ruwan Shiroro ta jihar Neja yake sauka, wasu layukan kuma su tashi zuwa Kano da Jos. Lokacin da aka ja su daji ne da gonaki, yanzu kuwa gari ya cim musu. Ra'ayina shi ne kada a yanke hukunci da ido ko da maganar dillali, a yanke shi da awo, kuma ga yadda ake yi.

Matakin farko shi ne ka gane wane irin layi ne, domin ba duk waya ce ɗaya ba. Layukan da ke kan dogayen turakun ƙarfe masu ƙafa huɗu na kamfanin TCN ne mai dakon wuta a faɗin ƙasa, kuma ƙarfinsu ko dai kilobolt 330 ko 132. Waɗanda ke kan falwayar siminti ko ta katako a cikin unguwa na kamfanin rarraba wuta ne, wato Kaduna Electric, kuma manyansu kilobolt 33 ne ko 11, su ne suke shiga taransifoma kafin wuta ta iso gidaje. Wata alama mai taimako ita ce jerin faya-fayen tangaran ko gilashi da wayar take rataye a jikinsu: na kilobolt 132 yakan kai kimanin goma, na 330 kuma ya kusa ninkin haka. Idan akwai allon gargaɗi a jikin turken, ka karanta shi, sannan ka ɗauki hoton lambar turken da wayarka saboda za ta yi maka amfani nan gaba.

Mataki na biyu, wanda shi ne ƙashin bayan maganar, shi ne awo. Ƙa'idojin da hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki ta ƙasa ta fitar a shekarar 2015 sun ware wa kowane layi hanyarsa wadda ba a yarda a yi gini a cikinta ba. Layin kilobolt 330 yana da faɗin mita 50, wato mita 25 ta kowane gefe daga tsakiyar layin. Na 132 yana da mita 30, wato 15 dama 15 hagu. Na 33 da na 11 kuwa mita 11 ne, wato biyar da rabi ta kowane gefe. Tunda mu a nan da ƙafa muka saba lissafin fili, mita 25 ta ɗan haura ƙafa 80, mita 15 kusan ƙafa 50 ce, wato faɗin fuloti guda na hamsin da ɗari, mita biyar da rabi kuma ƙafa 18.

Ka je wurin da tef mai tsawo, ko kuma ka biya safiyo ya yi maka, wanda shi ya fi. A fara awon daga ƙasa daidai tsakiyar layin, ba daga wayar da ke gefe ba, kuma a ja shi zuwa wurin da ya fi kusa a jikin gidan, ko katanga ce, ko bakin kwanon rufi, ko shagon da aka manna a ƙofar gida. Tef ɗin a ƙasa yake tafiya; kada wani ya ɗaga sanda ko ƙarfe sama da sunan auna tsayin waya. Idan wani yanki na gidan ya faɗa cikin hanyar layin, to cinikin ya mutu a nan, komai arharsa, kuma ko da mai gidan ya rantse cewa shekara ashirin yana zaune lafiya. Zamansa lafiya bai canza matsayin ginin a doka ba, bai kuma hana waya tsinkewa ba.

Dalilin wannan tsanani yana bukatar bayani, domin mutane da yawa suna zaton sai an taɓa waya take kama mutum. Wuta mai ƙarfi irin wannan tana iya tsallakowa ta iska idan abu ya kusance ta. Mai rufi da ya ɗaga fallen kwano, da birkila da ya miƙar da rodi, da yaron da ya hau ɗaura eriya ko tauraron ɗan'adam, da motar haƙa rijiyar burtsatse idan ta miƙe ƙarfenta, duk suna cikin haɗari ba tare da sun taɓa komai ba. Sannan waya ba ta zama a tsayi ɗaya. A zafin watan Maris da Afrilu, ko lokacin da aka ɗora mata nauyin wuta, ƙarfen yakan miƙe ta sauko ƙasa, ya fi yawa a tsakanin turaku biyu, iskar farkon damina kuma ta riƙa kaɗa ta gefe da gefe. A watan Afrilun 2017 wata babbar waya ta faɗo kan gidan kallon ƙwallo mai rufin kwano a Kalaba, mutane suka rasa rayukansu suna zaune suna kallo. Gidajenmu ma kwano ne a samansu.

Idan awo ya nuna gidan yana waje da hanyar layin, sai a wuce ga takardu. Wasu filayen da ke kusa da layuka na awon igiya ne, takardarsu ta ciniki ce kawai da sa hannun mai unguwa da shaidu. Wannan takarda tana nuna wa ya sayar wa wa, amma ba ta halatta gini a inda doka ta hana ba. Ka kai bayanin filin ofishin KADGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye a jihar Kaduna, a bincika maka ko yana da takardar shaidar mallaka, kuma ko iyakokinsa sun yi daidai da abin da ke ƙasa. Ka nemi mai gidan ya nuna maka izinin gini na hukumar tsara birane ta jihar, wato KASUPDA. Daga nan ka je ofishin masu layin da hoton lambar turken da ka ɗauka, ka tambaye su abu biyu: ƙarfin layin, da ko akwai shirin ƙara masa ƙarfi ko ja masa wani a gefe. Tambaya ta biyu mutane sukan manta da ita, alhali idan aka faɗaɗa layi hanyarsa ma tana iya faɗaɗa. A al'ada akan biya masu gonaki diyya tun lokacin jan layi, saboda haka wanda ya zo daga baya ya yi gini a cikin hanyar bai kamata ya sa ran samun ko sisi ba ranar rusau. Kafin duk wannan ya kammala, kada ka bayar da kafin alƙalami, ko da dillali ya ce wani yana kan hanya da kuɗi a hannu.

Sai maganar lafiya, wadda ita ce ta fi yawo a bakin mutane. A shekarar 2002 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta wallafa matsayarta, inda ta sanya maganaɗisun da wayoyin wuta suke fitarwa a rukunin abubuwan da mai yiwuwa su jawo ciwon daji. Abin da ya sa ta yi haka shi ne wasu bincike da suka ga 'yar alaƙa tsakanin sankarar jini ta yara da daɗewa a wurin da maganaɗisun yake da yawa, amma ba a tabbatar cewa shi ne sanadi ba. Ƙarfinsa kuma yana raguwa da sauri yayin da ake nisa da wayar. A ganina wannan bai kai a firgita iyali a kansa ba, amma ya isa ya sa mai ƙananan yara ya zaɓi gidan da ke da ƙarin tazara idan yana da zaɓi, ya kuma ba yaran ɗakin da ya fi nisa da layin. Bangon bulo ba ya tare maganaɗisu, nisa ne yake rage shi.

Ka kuma koma unguwar fiye da sau ɗaya. Ka je da dare, ka je bayan an ɗauke ruwan sama, domin a lokacin danshi ne manyan layuka suke yin wata ƙara kamar ana suya, kuma akwai wanda ba zai iya barci da ita ba. Ka tambayi maƙwabta, musamman dattawan da suka daɗe, ko waya ta taɓa tsinkewa, ko an taɓa shafa wa gidaje jan fenti na alamar rusau. Ka duba abin da ake yi a ƙarƙashin layin: fili ne fayau, ko an mayar da shi juji, ko masu walda da masu sayar da gas sun kafa rumfuna. Kada ka yi zaton kusanci da babban layi zai ba ka wuta mai yawa, domin wutarsa wucewa take yi zuwa wata tasha, taka kuwa daga taransifomar unguwa za ta zo kamar ta kowa.

Abu na ƙarshe shi ne lissafin gaba. Idan kana da niyyar ɗora bene, ko kafa dogon ƙarfen tankin ruwa, ko dasa darbejiya ko mangwaro, ka tsara su ta ɓangaren da ke nesa da layin. Ka tuna kuma cewa tambayoyin da kake yi yau su wanda zai saya daga hannunka ko hannun magadanka zai yi, kuma a Musulunci bai halatta a ɓoye masa aibin abin sayarwa ba. Saboda haka ka nemi ragi na gaske, ka kwatanta da farashin gida irinsa a titi biyu ko uku gaba, sannan ka sa a rubuta tazarar da safiyo ya auna a cikin takardar ciniki, shaidu su sa hannu a kai tare da hoton awon.