Kar ku zubar da ruwan wankin shinkafa

Assalamu alaikum 'yan uwa mata, don Allah ku daina zubar da ruwan wankin shinkafa a kwata. Ni tara shi nake a bokiti da yamma in zuba wa alayyahu da yakuwa da na shuka cikin tsofaffin buhunan siminti a bayan ɗaki, amma fa banda mai gishiri ko omo, wannan kashe shuka yake. Ɓawon ƙwai kuma in ya bushe sai in daka a turmi in barbaɗa gindin tumatir. Kashin kaji kar ku sa shi ɗanye wallahi ƙona min barkono ya yi bara, ku bari ya ruɓe tukuna.